Gardamar Harshen Koyarwa da Gyaran Manhaja a Ƙasar Hausa, Bisa Misalin Kudancin Katsina

1. Gabatarwa

A ƙarshen watan Nuwamba na 2022, Ministan Ilmi na Tarayya na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya bayyana cewa Majalisar Zartaswa ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa, ko harshen da jama'ar wurin ke magana da shi, a dukan shekaru shida na makarantar firamare. Bayan shekara uku, cikin Nuwamba na 2025, Ministan Ilmi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan manufa, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin farko. Watau ke nan yaron da aka sa makaranta a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a shekarar da aka kafa manufar, bai kai ga gama firamare ba aka warware ta.

Wanda bai san tarihin al'amarin ba sai ya zaci sabuwar rigima ce. Alhali kuwa ta haura shekara ɗari ana yinta, kuma ita ce uwar duk wata gardama da ake yi a kan manhaja, watau tsarin abin da za a koya wa yaro, da lokacin da za a koya masa, da hanyar koyarwar. Dalili kuwa shi ne, ko lissafi ne, ko kimiyya, ko labarin ƙasa, ba mai isa kan yaro sai ta bakin malami, da harshen da malamin ya zaɓa. Nufin wannan takarda shi ne ta bi sawun gardamar tun daga farkonta, ta nuna waɗanda suka nemi Hausa da waɗanda suka nemi Turanci, da abin da ya sa kowa ya tsaya inda ya tsaya. Sa'an nan ta bayyana dalilin da ya sa doka ke ta jujjuyawa a ofis, amma aji na nan yadda yake.

2. Ƙasar da ake magana a kanta

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi ne guda uku a kudu maso yammacin Jihar Katsina, wadda aka cire daga Jihar Kaduna a 1987. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Zamfara, Sabuwa kuwa ta dangana da ƙasar Birnin Gwari. Ƙasa ce ta noma, mai samun ruwan sama fiye da arewacin Katsina, ana noma masara da dawa da auduga. Tun zamanin Turawa an kafa gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, kuma hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta bi ta Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda, wadda aka gama a 1929, ita ta riƙa kwasar amfanin gonar wannan yanki.

Abin da ya shafi wannan takarda shi ne harsunan da yaron wannan ƙasa ke zuwa makaranta da su. Mafi yawa Hausa suke ji tun daga goyo, amma Hausar gida ce, mai kalmomi irin su "hwara" da "halshe" da "ɗiya", inda littafi ke cewa "fara" da "harshe" da "'ya'ya". Akwai kuma 'ya'yan Fulani na rugage waɗanda Fulatanci ne harshensu na farko, ko da yake galibinsu suna jin Hausa saboda kasuwa da maƙwabtaka. Har ila yau, yaro da yawa kan fara makarantar allo kafin ta boko, ya saba da baƙaƙen Larabci da rubutu daga dama zuwa hagu. Turanci kaɗai ne ba ya cikin gida, ba ya kasuwa, ba ya masallaci. Duk tsarin da bai yi la'akari da wannan ba, ya yi gini ba tushe.

3. Zamanin elementare

Makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa ita ce wadda Hans Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Da Hausa aka yi koyarwa a cikinta, an rubuta ta da baƙaƙen Romawa, kuma shi Vischer ya tsara ƙa'idojin rubutun a 1912. Turawan mulki suna da dalilansu. Na farko, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin ƙasashen Musulmi. Na biyu, ba su so su ga an sami irin 'yan bokon Ikko a Arewa, masu jin Turanci da rubuta ƙorafi a jarida. Na uku, mulkin En'e da Hausa yake tafiya, ana bukatar malaman haraji da na asibiti da na gona waɗanda za su iya riƙe littafi da ita.

Jama'a ba su karɓi abin hannu biyu ba, kuma sunan da suka ba shi ya isa shaida. Wasu kan ce kalmar "boko" daga kalmar Turanci ta littafi aka aro ta, amma Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar algus ko abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Ƙamus na Bargery na 1934 ya kawo wannan ma'ana. Watau a wurin mutanen lokacin, karatun ainihi shi ne na allo, wannan kuwa kwaikwayo ne.

Tsarin da ya zauna daga wajen 1930 shi ne shekara huɗu na elementare da Hausa, sa'an nan yaran da suka yi fice su wuce Midil ta lardi, inda ake shiga Turanci sosai. Ƙalilan daga cikinsu su kai Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya. Yaron Ƙanƙara da ke son Turanci a wancan zamani sai ya bar garinsu ya tafi birni.

Wajibi ne a yaba wa wannan zamani a kan abu guda, shi ne ba a ce a koyar da Hausa aka bar malami hannu rabbana ba. An kafa Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East. Gasar da aka shirya a 1933 ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Abubakar Imam, wanda ke koyarwa a Midil ta Katsina, aka aro shi ya rubuta Magana Jari Ce domin karatun makaranta, daga baya shi da East suka rubuta Ikon Allah, wanda ke bayanin halittu da kimiyya da Hausa tsantsa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Janairu na 1939, ta ba wanda ya gama elementare abin karantawa bayan ya bar aji. Saboda haka ilmin elementare, duk da ƙarancin masu samunsa, ya tsaya da ƙafafunsa: akwai malami da aka horar da Hausa, akwai littafi, akwai kuma aikin da ake samu da shi.

4. Masu neman sauyi sun nemi Turanci

Abin da zai ba mai karatu na yau mamaki shi ne, waɗanda suka fara ƙorafi a kan wannan tsari su ne 'yan bokon Arewa masu kishin ƙasa, kuma ƙarin Turanci suka nema. Sun duba ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa da gidan waya da kamfanoni a Kano da Zariya da Funtuwa, suka ga akawuna kusan duk mutanen Kudu ne, domin makarantun mishan sun ba su Turanci tun suna ƙanana. Sai suka fahimci cewa tsayawa kan Hausa a elementare, tare da ƙuntata ƙofar Midil, hanya ce ta riƙe talaka a inda yake. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi, sa'an nan a makarantar horon malamai ta Maru, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, maganar ilmin talaka da na mata ta zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da take hawa duro a kansu.

Wani reshe na wannan gwagwarmaya ya shafi karatun addini. A farkon shekarun 1950 Malam Aminu da mutanensa suka fara kafa makarantun Islamiyya, inda yaro ke zama a aji, ana koya masa Alƙur'ani da Larabci da fassara, haɗe da lissafi da rubutun boko. Hukumomin En'e da wasu malaman zaure suka ɗauki abin a matsayin siyasa, aka takura wa makarantun. Amma irin da aka shuka ya tsira, domin yau da wuya a sami gari a kudancin Katsina da babu Islamiyya a cikinsa.

Ita ma jam'iyyar NPC mai mulki, ta wata hanya dabam, ta iso wuri ɗaya. Sa'ad da aka kawo shawarar neman mulkin kai a Majalisar Wakilai a 1953, wakilan Arewa suka ƙi yarda da sa ranar 1956, babban dalilinsu kuwa shi ne Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmi. Daga nan gwamnatin Sardauna ta dage kan manufar mai da ayyukan gwamnati hannun 'yan Arewa. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da masu Turanci, kuma da gaggawa. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, zamanin da Alhaji Isa Kaita ke Ministan Ilmi na Jihar Arewa, tsarin nan da ake kira Straight for English, watau a dosa Turanci kai tsaye tun daga ajin farko, ya bazu cikin makarantu.

Ba a yar da Hausa gaba ɗaya ba. Ita ce harshen Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi na Katsina ke cikin manyan jagororinsa. Hukumar NORLA ta buga littattafai masu yawa da ita daga 1954 zuwa 1959, an kafa Hukumar Hausa a 1955 don daidaita rubutu da kalmomi, kuma da Hausa da Turanci ake muhawara a Majalisar Kaduna. Sai dai an yi wani rabo mai nauyi: Hausa ta zama harshen koya wa manya baƙi, Turanci ya zama tsanin hawa sama. Wannan rabo ya zauna a zukatan iyaye, har yau bai fita ba.

5. Taron 1969 da manufar 1977

Cikin watan Satumba na 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Ikko. Ba malamai kaɗai aka gayyata ba, har da 'yan kasuwa da manoma da shugabannin addini da ƙungiyoyin mata. Ƙorafin taron shi ne ilmin da aka gada daga Ingila na horar da akawu ne, bai dace da ƙasar da ke neman tsayawa da kanta ba. Shawarwarinsa, bayan taron bita na 1973 wanda Cif Simeon Adebo ya shugabanta, su suka zama Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977. Ita ta kawo tsarin 6-3-3-4, ta kuma ce a fara koyarwa a firamare da harshen uwa ko na jama'ar wurin, daga baya a koma Turanci. Bugun 2004 ya fayyace cewa shekara uku na farko da harshen wurin za a yi, Turanci yana matsayin darasi, daga aji huɗu a soma juyawa.

Masana suna da hujja a hannu. Tun 1953 Hukumar UNESCO ta fitar da rahoton da ya goyi bayan fara karatu da harshen uwa. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara shekara shida da Yarabanci, ana ba su Turanci a matsayin darasi, aka tarar ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussa. A Arewa, Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a shekarun 1970, wanda ya yi amfani da Hausa a ajujuwan farko inda ita ce harshen gari, ya rubuta littattafai, ya kuma aika masu horarwa suna bin malamai har makarantunsu. A Jamhuriyar Nijar ma an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973.

To, me ya hana ruwa gudu? Shekara guda kafin manufar ta fito, watau a Satumba na 1976, aka fara shirin UPE na ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka ƙiyasta, aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, aka ɗauki malaman wucin gadi waɗanda horonsu bai taka kara ya karya ba. Hankalin hukuma ya koma kan rufin aji da albashi. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 shi ma ya gamu da irin wannan: an sayo injunan koyar da sana'a daga waje, da yawansu suka ruɓe cikin akwatuna don babu lantarki, babu malamin da ya iya su. Maganar harshe ta zauna a takarda. An dai yi aikin ƙirƙiro kalmomi, kamar ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, amma cikakken jerin littattafan lissafi da kimiyya na Hausa daga aji ɗaya zuwa shida bai isa hannun kowane yaro ba.

6. Gardamomin da aka ci nasara a kansu

Yana da amfani a gwada maganar harshe da wasu rigingimu biyu na manhaja waɗanda masu fafutuka suka yi nasara a cikinsu. Na farko shi ne na addini. Manhajar ilmin tushe da Hukumar NERDC ta sake tsarawa a 2012, aka fara aiki da ita a 2014, ta rage yawan darussa ta hanyar haɗa wasu wuri ɗaya. Sai darasin addinin Musulunci da na Kirista suka faɗa ƙarƙashin inuwa ɗaya tare da ilmin zaman jama'a da na zama ɗan ƙasa da na tsaro. A 2017 Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta tashi haiƙan a kan wannan, malaman Musulunci da dama su ma ba su ji daɗin haɗin ba. Hukumar ta ce kowane yaro addininsa kaɗai za a koya masa, amma bayanin bai kwantar da ƙura ba. Cikin Yuli na wannan shekara Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta zauna a Kano, ta yanke a raba darussan, kowanne ya tsaya da kansa.

Na biyu shi ne na tarihi, wanda aka cire daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare a ƙarshen shekarun 2000, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin ilmin zaman jama'a. Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1955, ta yi shekaru tana kai kuka, har aka yi bikin maido da darasin a Nuwamba na 2022.

Abu biyu suka haɗa waɗannan nasarori. Kowace tana da ƙungiya tsayayya mai murya ɗaya, wadda 'yan siyasa ke jin nauyinta. Sa'an nan abin da aka nema ba shi da tsada ƙwarai, gyaran jadawali ne da sunan darasi. Maganar harshe kuwa ta rasa duka biyun. Masu goyon bayanta galibi malaman jami'a ne, iyayen yara kuwa zuciyarsu ta rabu. Kuma aiwatar da ita na bukatar a sake horar da malamai dubbai, a rubuta littattafai na kowane darasi, a taɓa jarrabawa. Shi ya sa take da sauƙin shelantawa, take kuma da sauƙin sokewa, tun da ba a kashe abin da za a yi baƙin cikin asararsa ba.

7. Abin da ke faruwa cikin aji

A nan ne ilmin harshe ke da abin cewa. Koyon karatu, watau gane cewa baƙi yana wakiltar sauti, aiki ne dabam da koyon sabon harshe. Yaro sau ɗaya yake koyon karatu a rayuwarsa, in ya iya da harshe ɗaya sai ya ɗauki dabarar ya kai wani. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙi a wannan fanni, domin kusan kowane baƙi sauti ɗaya gare shi: "c" ta "ci" ita ce ta "cokali". A Turanci kuwa "c" ta cat dabam take da ta city, "a" ta cat da ta cake da ta call kowace da lafazinta. Gaskiya ne rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, har "gari" na mutane da "gari" na tuwo suka zama ɗaya a ido, amma mai harshen yana rarrabewa daga ma'anar jimla. Yaron da aka fara wa da Turanci an ɗora masa kaya biyu lokaci ɗaya: yana neman sautin baƙi, kuma in ya samu bai san ma'anar kalmar ba. Mafitarsa ita ce hadda, malami ya faɗa aji ya amsa.

Haka al'amarin yake a lissafi. Yarinyar da ke talla a kasuwar Sabuwa ta san rabi da sulusi da rubu'i, ta san "ɗari ba biyar", tana ba da canji ba kuskure. In aka rubuta mata wannan lissafi cikin jimlar Turanci sai ta tsaya, a rubuta mata sifiri, alhali harshe ne ya kā da ita.

Shi kansa Turanci ya fi koyuwa a hannun malamin da ya san inda ya saɓa da Hausa. Hausa ba ta rarrabe "f" da "p", don haka fan da pan kan zo wa yaro ɗaya. Ba ta da "v", ba ta kuma fara kalma da baƙaƙe biyu a jere ba wasali, shi ya sa bread ya zama "burodi". Malamin da aka koya wa waɗannan zai san inda zai tsananta, maimakon ya yi ta dukan yaro a kan abin da tsarin harshensa ne ya jawo.

Abin da ake yi a galibin ajujuwan karkara ba ya bin ko ɗaya daga cikin dokokin biyu. Malami kan karanta jimla daga littafin Turanci, ya fassara da Hausa gwargwadon fahimtarsa, ya rubuta Turanci a allo yara su kwafa. Ba a horar da shi yin haka ba, ba a kuma auna shi a kai. Yaro ya tashi bai iya rubuta wasiƙa da Hausa daidai ba, bai kuma iya Turancin ba, ya zama jemage.

8. Hujjar masu son Turanci

Ba daidai ba ne a ɗauki uban da ke Faskari mai son a koya wa ɗansa Turanci tun da wuri a matsayin wanda bai san ciwon kansa ba. Ya ga jarrabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yinsu, kuma wanda bai ci Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Ya ga masu hali, har da waɗansu masu yabon harshen uwa a taro, suna kai nasu 'ya'yan makarantun kuɗi inda ake hana Hausa. Tsoronsa shi ne tsoron 'yan NEPU na 1950, kada a ware wa talaka ilmi mai gajeren tsani. Akwai kuma tambayar ɗan Fulani da ɗan ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga wata jiha, ko da yake kalmar "harshen jama'ar wurin" da kafa Hukumar Ilmin Makiyaya a 1989 sun rage kaifin wannan.

Hujjar da aka bayar wajen sokewar 2025 ita ce yawan faɗuwa jarrabawa a sassan da aka ce sun rungumi harshen uwa. Masana harshe da dama sun ƙi wannan hujja, kuma lissafin shekaru yana tare da su a kan abu guda: duk wanda ya zauna jarrabawar gama sakandare a 2025 ya bar firamare tun kafin 2022. Abin da faɗuwar ke nunawa shi ne sakamakon gaurayen da aka bayyana a sama. Inda aka gwada abin da tsari, kamar shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa wanda aka fara a jihohin Katsina da Zamfara a 2015, an fara ne da buga littafin yaro da jagoran malami, da horarwa, da bibiya.

9. Kammalawa

Akwai wani dalili da ya sa maganar ta fi nauyi a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300, aka sako su ran 17 ga watan. Gwamnatin jiha ta rufe makarantu a lokacin, kuma a shekarun da hare-hare suka tsananta makarantun ƙauyuka da dama na wannan yanki sun yi zaman rufe, iyalai suka yi hijira zuwa manyan garuruwa. Tsarin dosar Turanci kai tsaye an gina shi ne bisa zaton yaro zai yi shekara goma sha biyu a makaranta ba yankewa, ribarsa sai a ƙarshe. Yaron da karatunsa ya tsinke a aji uku ko huɗu, in da Hausa aka fara masa, ya tafi da abin da ba mai ƙwace masa: zai karanta takardar magani da ta taki, ya rubuta saƙo a waya, ya riƙe lissafin amfanin gonarsa. In kuwa da haddar Turanci aka fara, ya tafi hannu wofi.

Tarihin da aka bi ya nuna cewa duk lokacin da wani tsari ya yi aiki, ko na elementare ne, ko na Ife, ko na Zariya, abu uku ne suka haɗu: malamin da aka horar da harshen da zai koyar, da littafi a hannun yaro, da jarrabawa ko aikin da ke ba karatun daraja. Biyu na farko suna hannun sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina, ko wace doka ce ke ci. Ya kamata duk ɗalibin da zai koyar a firamare, ba mai nazarin Hausa kaɗai ba, ya ƙware a ƙa'idojin rubutun Hausa, ya san hanyar koyar da karatun farko da ita, ya san bambancin sautukanta da na Turanci, ya kuma koyi yadda ake ƙetarar da yaro daga wannan harshe zuwa wancan da tsari. Ya kamata kuma a tattara kalmomin lissafi da na kimiyya da aka riga aka ƙirƙiro, a gwada su a ajujuwan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a riƙe waɗanda yara suka gane, a sauya waɗanda suka ƙi shiga. Ran da gardamar ta sake dawowa majalisa, kamar yadda ta saba dawowa, wanda ya zo da littafi gamamme da malamai horarru da sakamakon aji shi za a fi saurara.